Ɗan Sanda da Dokar Hanya: Abin da Aka Yarje Masa da Abin da Ba a Yarje Masa Ba

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Yamai zuwa Damagaram, ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni da Maraɗi, ya san ƙarar usur da hannun da ake ɗagawa a bakin kwalta. Haka mai kabu-kabu a cikin gari, da mai taksi, da ɗan kasuwar da ya ɗauko buhunan albasa daga Galmi. A tasha da majalisar shan shayi, tambayoyi biyu ne suka fi yawan tasowa a kan wannan al'amari. Ta farko: me ya sa mutum biyu za su yi laifi iri ɗaya, a ja wa ɗaya kunne a sake shi, a ci ɗaya tara? Ta biyu: me ya sa motar ƴan sanda take ƙetare jar wuta da gudu, alhali kai in ka yi haka kama ka za a yi?

Ya kai mai karatu, ko namiji ne kai ko mace, amsar tambayoyin nan tushensu ɗaya ne. Doka ta ba jami'in tsaro wata dama wadda ba ta ba sauran mutane ba. Amma don aiki ta ba shi ita. Ba don kakinsa ba, ba kuma don kansa ba. In ka fahimci wannan, za ka iya bambanta jami'in da ke aikinsa da wanda ya wuce gona da iri.

Wa ke da ikon tsayar da kai?

A cikin gari, ƴan sanda ne ka fi gamuwa da su. A manyan hanyoyi da karkara kuwa, jandarmomi ne. Akwai kuma ƴan duwan masu binciken kaya, da jami'an gandun daji masu lura da itace da gawayi da namun daji. Kowane rukuni da iyakar aikinsa.

Dokar hanya ba a ƙasar nan kaɗai aka tsara ta ba. A ranar 8 ga Nuwamba 1968 ƙasashen duniya suka cimma wata yarjejeniya a kan zirga-zirgar hanya a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Nijar kuma ta shiga cikinta a 1975. Sashe na 6 na yarjejeniyar ya wajabta wa duk mai bin hanya ya yi biyayya nan take ga umarnin jami'in da ke ba da hannu. Umarnin nasa ma yana gaba da wutar hanya da allunan da aka kafa. Wato in wuta ta nuna kore, jami'i ya ɗaga hannu sama, to tsayawa za ka yi. In ya miƙe hannuwansa gefe da gefe, waɗanda ke gabansa da waɗanda ke bayansa su ne za su tsaya. Da dare, in ya kaɗa maka jar fitila, ita ma ma'anarta tsaya.

Saboda haka tsayawa ba ta cikin abin da ake muhawara a kai. Ko kana ganin ba ka yi laifi ba, ka kunna sigina, ka koma gefen dama, ka tsaya. Ƙin tsayawa laifi ne mai zaman kansa, kuma ya fi laifin rashin takarda nauyi nesa ba kusa ba. Ka ƙara da cewa zamani ya sake. Tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Difa a 2015, da wasu sassan Tilaberi da Tawa a 2017, shingaye da yawa ba don takardun mota kaɗai aka kafa su ba, don tsaro ne. Mutumin da ke tsaye a shinge cikin duhu bai san wanda ke tafe ba. Ka rage gudu tun daga nesa, ka sauke manyan fitilu, ka kunna fitilar cikin mota, ka bar hannuwanka inda za a gan su.

Takardun da aka saba tambaya su ne lasisin tuƙi, wato permi, da takardar mallakar mota, wato kart-giriz, da asirans, da binyet, da takardar duba lafiyar mota, wato bizit. Ka haɗa su wuri ɗaya cikin leda. In karatu bai zauna maka sosai ba tukuna, ka sa a nuna maka inda aka rubuta ranar ƙarewar kowace takarda, ka koyi gane wannan kwanan wata da idonka. Mutane da yawa sun biya kuɗi a kan takardar da ba ta mutu ba, don kawai ba su iya karanta lambobin da ke kanta ba.

Me ya sa ake sakin wani a kama wani?

Babu ƙasar da take da jami'an da za su iya rubuta kowane laifi da aka yi a kan hanya. Ka tsaya a bakin babbar kasuwar Maraɗi na tsawon sa'a ɗaya, ka ƙirga masu babur da ba su sa hular kwano ba, da masu juyawa ba sigina, da masu tsayawa inda aka hana. Da za a rubuta wa kowa takarda, da hanya ta toshe har magariba. Dole jami'i ya zaɓa. Wannan zaɓi shi ne ake nufi da ikon amfani da hankali, kuma ba abin kunya ba ne. Aikin ba ya yiwuwa sai da shi.

Abin lura shi ne ma'aunin da yake zaɓa da shi. Ma'auni na gaskiya haɗari ne: wane laifi ne ya fi kusa da kashe mutum? Ɗauki misalin fitilar baya da ta mutu. Da rana tsaka, a cikin gari, jami'i mai hankali yana iya ce maka: «Malam, fitilarka ta mutu, je ka gyara yau.» Amma fitilar nan dai, a jikin babbar mota, da dare, a hanyar Tasawa, tarko ce ga duk wanda ke biye. A nan sassauci ba alheri ba ne. Laifin ɗaya ne a takarda, amma nauyinsa ya bambanta.

Haka kuma yana duba dalili. Mutumin da ya ɗauko mace mai naƙuda a babur cikin dare ya manta permi a gida, ba daidai yake da saurayin da ke wasa da babur a ƙofar makaranta ba. Yana duba ko abin na gyaruwa nan take. Yana duba ko ya taɓa yi maka gargaɗi a kan wannan abu. Ba za a ɓoye maka ba, yana duba bakinka ma. Wanda ya yi sallama ya miƙa takardu ya fi samun sauƙi a kan wanda ya fara da «ka san ko ni wane ne?» Ɗan Adam ne, rana ta dake shi tun safe.

Sai dai ka riƙe abu biyu. Na farko, sassauci ba haƙƙinka ba ne. In an yi maka, ka gode. In ba a yi maka ba, cewa «ga wancan ma ya yi ba ku kama shi ba» ba ta wanke ka a gaban doka. Laifin wani ba ya goge naka.

Na biyu, ikon nan yana da rufi. Tsarin shari'ar da Nijar ta kafa tun 1961, shekarar da aka yi kundin hukunta laifuka da kundin bin ƙa'idar shari'a, ya raba laifuka hawa-hawa: ƙanana, da matsakaita, da manya. Hankalin jami'in bakin hanya a kan ƙananan yake aiki. Amma in an buge mutum ya ji rauni ko ya rasu, ko direba ya yi haɗari ya gudu, ko aka same shi da takardun jabu, to magana ta wuce bakin kwalta. Aikin jami'i a nan shi ne ya rubuta abin da ya gani ya aika gaba. Wanda ke da ikon cewa a kai ƙara kotu ko a ajiye ta shi ne mai shigar da ƙara na gwamnati. Ko da dangin wanda aka buge sun ce sun yafe, kamar yadda aka saba a al'adarmu, yafewarsu ba ta ba jami'i ikon yaga takarda.

Akwai kuma ma'aunin da bai halatta ba sam. Ba a zaɓen wanda za a tsayar saboda ƙabilarsa, ko harshensa, ko rigar ƙauye da ke jikinsa, ko don an ga baƙo ne da ba shi da kowa a garin. Wannan matsala ba ta ƙasa ɗaya ba ce. A Faransa, inda tsarin dokokinmu da yawa ya samo asali, babbar kotun ƙasar ta yanke hukunci a watan Nuwamba 2016 cewa gwamnati na da alhaki in ƴan sanda suka tare mutum don bincike saboda launin fatarsa ko kamanninsa kawai.

Inda sassauci ke komawa ciniki

Ga wata alama mai sauƙi da za ka riƙe. Sassauci na gaskiya ba a biyan sa. Hanyoyi biyu ne kawai a gaban jami'i in ya same ka da ƙaramin laifi: ko ya yi maka gargaɗi ka tafi ba ka ba da ko dala ba, ko ya ci ka tara bisa ƙa'ida. Tara kuwa kuɗin baitulmali ce, kuma tana tafiya da resi mai lamba, da kwanan wata, da adadin kuɗi, da sunan laifin. Hanya ta uku, wadda ake cewa «kawo na shayi mu rufe magana», ba ta cikin doka. Sunanta cin hanci, kuma doka tana hukunta mai karɓa da mai bayarwa.

An san abin da direba zai ce: tara jika kaza ce, na shayi ɗari biyar, ga fasinjoji suna jira, ga rana na yi. Lissafin yau ya nuna riba. Amma ka yi lissafin shekara. Mai taksin da ba shi da asirans, yana ba da ɗan abu kullum, a ƙarshen shekara ya biya kuɗi masu yawa, kuma har yanzu ba shi da asirans. Ranar da ya buge yaro, daga aljihunsa za a nemi diyya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: direban da ya san birkinsa ba ya ci, ya sayi shirun jami'i, rayukan fasinjojinsa ya sa a ciniki.

Hukumomi sun san da wannan cuta. A watan Disamba 2005 ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar take ciki, ta fitar da umarnin rage shingaye a hanyoyin da suka haɗa ƙasashenta, domin yawan tsayawa da kuɗin da ake karɓa ba bisa ƙa'ida ba suna ƙara wa kaya tsada. Wanda ke sayen gero da shinkafa a kasuwa shi ke biyan kuɗin a ƙarshe. Tun kafin nan, a 1979, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin ɗa'a na jami'an tsaro, waɗanda suka haramta musu cin hanci, suka kuma ce kada su yi amfani da ƙarfi sai in ya zama dole, kuma gwargwadon buƙata.

In an nemi kuɗi a hannunka, ka tambaya cikin ladabi: «Ranka ya daɗe, wane laifi na yi? Nawa ne tarar? Ina son resi.» In an riƙe maka takarda ko aka kai abin hawanka ma'ajiyar hukuma, ka tambayi ofishin da za ka je, ka nemi wata shaida a rubuce. Kada ka yi zagi, kada ka kai hannu, domin cin mutuncin jami'i a bakin aiki wani laifi ne dabam, kuma shi zai rufe gaskiyarka. Ka riƙe wuri da rana da sa'a, da lambar mota in akwai, da sunan wanda ya shaida. Ƙorafi a kwamisariya ake kai shi wajen kwamishina, ko wajen kwamandan birgad in jandarmomi ne, ko ofishin mai shigar da ƙara. Ƙungiyar direbobi ko ta masu kabu-kabu in ta tafi da murya ɗaya, an fi saurarenta a kan mutum guda.

Jiniya da shuɗiyar fitila

Yanzu mu koma tambaya ta biyu. Gaskiya ne, akwai motocin da doka ta ba fifiko a kan hanya: ta ƴan sanda da jandarmomi, ta masu kashe gobara, da motar ɗaukar marasa lafiya, wato ambilans. Dalilin a fili yake. In gobara ta tashi a kasuwa, ko ɓarayi suka shiga gida, ko mace tana zubar da jini, kowane minti yana da daraja. Da kai ne ke kwance a cikin motar, ba za ka so direba ya jira wuta ta canza ba.

Sashe na 34 na yarjejeniyar Biyana ya ce in ka ji jiniya ka ga fitilar gargaɗi, wajibi ne ka ba da hanya, ka tsaya in ta kama. Ya kuma yarda kowace ƙasa ta ɗauke wa direbobin waɗannan motoci wasu dokokin hanya, kamar iyakar gudu da jiran wuta. Amma bai sake su haka kawai ba.

Sai motar tana sanar da zuwanta da na'urorinta na gargaɗi. Motar ƴan sanda da ke tafiya shiru, ba jiniya ba fitila, mota ce kamar taka, jar wuta tana tsayar da ita. Fitilar fifiko shuɗiya ce, a wasu ƙasashe ja. Mai ruwan ɗorawa da kake gani a kan motocin gyaran hanya da masu jan kaya masu faɗi, ita tana cewa ne «yi hankali», ba ta cewa «kauce».

Kuma fitilar nan an tanade ta ne don aikin gaggawa, ko don sanar da mutane cewa motar na tsaye a wurin haɗari. Komawa gida cin abinci ba gaggawa ba ce. Kai yara makaranta, ko ɗauko maigida daga wajen biki, ko gajiya da cunkoson shataletale, duk ba gaggawa ba ne. Ambilans da ta sauke maras lafiya tana komawa wayam ba ta da hujjar jiniya, sai in an sake kiran ta. Duk lokacin da aka kunna jiniya a banza, ana koya wa jama'a su raina ta, ranar da ake buƙatarta kuma a rasa mai kaucewa.

Sharaɗin da ya fi kowanne nauyi shi ne kada a jefa sauran masu bin hanya cikin haɗari. Jiniya roƙon hanya ce da doka ta tilasta a amsa, amma ba ta kawar da tsohuwa mai ƙetare titi, ko kurman da bai ji ba, ko amalanken da shanunta suka tsorata. Don haka ƙwararren direba, ko da wuta yake zuwa kashewa, in ya iso jar wuta yakan rage gudu, ya tabbata an gan shi, sannan ya wuce. Bari mu yi lissafi kaɗan. Motar da ke gudun kilomita 50 a sa'a tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Mai gudun 100 tana cin kusan mita 28. In gudu ya ninka sau 2, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya tana ninkawa sau 4. To me aka samu? A tafiyar kilomita 3 cikin gari, mai gudun 50 zai isa a minti 3 da daƙiƙa 36, mai gudun 100 a minti 1 da daƙiƙa 48. Ribar ba ta kai minti 2 ba. Wani lokaci minti biyun nan rai ne, shi ya sa doka ta yarda. Amma ba a ceton rai ɗaya da taka wani.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Yarjejeniyar ta keɓe doka ɗaya wadda ko mai jiniya ba a ɗauke masa ita ba: biyayya ga jami'in da ke ba da hannu. In ɗan sandan mararraba ya ɗaga hannu, motar da ke kuka ma tsayawa za ta yi.

Daga nan za ka gane matsayin jami'in da ya tashi daga aiki. In ya hau babur ɗinsa ko motarsa, shi da kai ɗaya ne: permi, asirans, hular kwano, jar wuta. Hular aiki da ake ajiyewa a gaban gilashi ba takarda ba ce. Ɗansa da ƙaninsa da matarsa ba su gaji komai daga kakinsa ba. In abokin aikinsa ya gane shi ya ɗaga masa hannu ya wuce da laifi, wannan ba keɓewar doka ba ce, son kai ne, kuma yana daga cikin abubuwan da suka fi zubar da ƙimar hukuma a idon talaka.

Kai kuma, in ka ji jiniya, kada ka taka birki farat ɗaya a tsakiyar hanya. Ka duba madubi, ka gane inda take fitowa, ka kunna sigina, ka raɓa dama a hankali. In amalanke kake kora ko dabbobi, ka sauka daga kwalta ka riƙe su. Bayan ta wuce ka dakata kaɗan, don sau da yawa wata na biye. Kada ka bi bayanta da gudu don cin moriyar hanyar da aka buɗe, kamar yadda wasu masu babur ke yi. Fifikon nata ne, bai shafe ka ba.

In motar hukuma ce ta buge ka

Mutane da yawa in haka ta faru sai su ce ƙaddara ce, wa zai ja da gwamnati? Ƙaddara gaskiya ce, amma haƙƙi ma yana nan. Dokar asirans ta ƙasashen CIMA, wadda Nijar take bi, ta wajabta wa kowane mai mota ya yi asirans, ban da gwamnati. Wannan ba ya nufin wanda motar gwamnati ta buge ba shi da diyya. Ma'anarsa ita ce gwamnati da kanta ke tsayawa a matsayin kamfanin asirans, ita ake nema ta biya. Direban kuma, in bincike ya nuna ganganci ya yi, kakinsa ba ya hana a tuhume shi da raunata mutum ko kisa ba da niyya ba.

Abin da ke tsayar da maganarka a gaban hukuma takarda ce. Bayan an kai wanda ya ji rauni asibiti, ka nemi a zo a yi awon haɗari a rubuta rahoto, wato konsta. A rubuta lambar motar, da wurin, da sa'a. A tambayi waɗanda suka gani: jiniya na kuka ko ba ta yi? Fitila na juyawa ko a kashe take? Wuta ja ce ko kore? Amsar waɗannan ita za ta nuna ko direban na cikin damar da doka ta ba shi ko ya fita. Ka karɓi takardar likita mai bayanin raunin, ka adana duk resin magani da na asibiti. In an miƙo maka takarda a ce ka sa hannu ko ka dangwala yatsa, kada ka yi sai wanda ka amince da shi ya karanta maka ita daga farko har ƙarshe, ya fassara maka da Hausa. Lambar kiran ƴan sanda 17 ce, ta masu kashe gobara da ceto kuma 18.